Wa Ya Shata Iyakokin Afirka? Tambayoyi da Amsoshi

Mafi yawan iyakokin da ke tsakanin ƙasashen Afirka a yau an shata su ne daga wajen 1885 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma Turawa ne suka shata su a tsakaninsu. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka yi aikin, da abin da aka duba kafin a ce layi ya bi ta nan kada ya bi ta can. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Da gaske ne a taron Berlin aka raba Afirka?

Ba kamar yadda ake ba da labarin ba. An yi taron, daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885, bisa gayyatar Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus. Ƙasashe 14 ne suka halarta, har da Amurka da Daular Usmaniyya ta Turkiyya, kuma babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Amma ba a shimfiɗa taswira aka bi ta da alƙalami ana yanka ƙasa-ƙasa ba. Abin da aka tattauna shi ne ciniki a yankin Kwango, da zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Kwango da kogin Neja, da ƙa'idar da mai son kama wani sabon wuri a gaɓar teku zai bi: ya sanar da sauran, ya kuma nuna cewa yana da iko a wurin. A gefen taron ne Sarki Leopold na Beljiyam ya samu aka amince masa da Kwango a matsayin mallakarsa shi kaɗai.

Laifin Berlin ya fi na zana layi girma. A can ne aka mayar da shi abin da ba ya buƙatar muhawara cewa ƙasar Afirka ta Turawa ce su raba, kuma abin da ya rage kawai shi ne kada su yi faɗa da juna a wajen wasoson.

To a ina aka shata su?

A Landan da Paris da Berlin da Lisbon da Brussels da Rum, a yarjejeniyoyi masu yawa tsakanin ƙasa da ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Yawanci aikin hawa uku ne. Da farko jami'an diflomasiyya su amince da wani layi a takarda, su ce daga nan zuwa nan yankin wane ne. Daga baya sojoji da matafiya su je su dawo da rahoton cewa abin da ke takarda bai dace da abin da ke ƙasa ba, sai a sake zama. A ƙarshe a tura hafsoshi masu awon ƙasa daga ɓangarorin biyu su bi layin da ƙafa da doki da raƙumi, suna kafa ginshiƙai. Wasu iyakokin har Turawa suka tafi ba su kai wannan mataki na uku ba.

Su kansu sun san a makance suke aikin. A 1890 firaministan Ingila, Lord Salisbury, ya faɗa a bainar jama'a cewa suna ta bai wa juna duwatsu da koguna da tafkuna, abin da kawai ke ba su cikas shi ne ba su san takamaiman inda duwatsun da kogunan suke ba. Masu sauraro sun ɗauki maganar a matsayin raha, amma a wuraren da yake magana a kai akwai garuruwa da gonaki da makabartu.

Me ya sa wasu iyakokin suke a miƙe sambal, wasu kuma a karkace?

Inda Bature bai san ƙasar ba, ko kuma bai ga abin da zai samu a cikinta ba, sai ya koma ga layukan taswira. Shi ya sa iyakokin Sahara suke a miƙe, kamar na Mali da Aljeriya, ko na Masar da Sudan da aka ɗora a kan layi na 22 a 1899. Inda akwai kogi ko tsauni, sai a bi shi don sauƙi. Inda kuwa akwai abin da ake kwaɗayi, nan ne layi ke lanƙwasa.

Gambiya misali ce: Ingila kogin take so, sai yarjejeniyar 1889 ta ba ta kogin da 'yar siririyar ƙasa a kowane gefe, Senegal ta kewaye ta. Zirin Caprivi da ya fito daga arewa maso gabashin Namibiya an yi shi ne a 1890 don Jamus ta samu hanyar isa kogin Zambezi, a cikin yarjejeniyar da ta bar wa Ingila Zanzibar, Jamus kuma ta karɓi tsibirin Heligoland da ke tekun Turai. Labarin da ake yaɗawa cewa Sarauniya Victoria ce ta yi wa jikanta, sarkin Jamus, kyautar dutsen Kilimanjaro ba shi da tushe.

Yaya aka yi Maraɗi da Ƙonni da Damagaram suka faɗa hannun Faransa, Katsina da Sakkwato da Kano kuma hannun Ingila?

Wannan iyaka mai tsawon wajen kilomita 1,500 sau huɗu aka zauna a kanta, kuma labarinta ya isa ya nuna yadda aka yi sauran.

Zama na farko shi ne na watan Agusta 1890. Aka ja layi daga garin Say a bakin kogin Neja zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Aka ƙara da cewa duk abin da yake na daular Sakkwato zai kasance a ɓangaren kamfanin Ingila mai suna Royal Niger Company. Hujjar kamfanin ita ce takardun da wakilinsa Joseph Thomson ya ce ya samo daga Sakkwato da Gwandu a 1885. A lokacin babu sojan Ingila ko na Faransa ko ɗaya a ƙasar Hausa. Da Bafaranshe Monteil ya bi ta Sakkwato da Kano zuwa Kukawa a 1891 da 1892, sai ya tarar ikon da kamfanin ke iƙirari babu shi, ya kuma gane cewa an bar wa ƙasarsa rairayi an kwashe albarkar.

Zama na biyu, a watan Yuni 1898, shi ne ya fi nuna halin masu rabon. Aka dasa tsinin abin zana da'ira a tsakiyar birnin Sakkwato a kan taswira, aka zana baka mai nisan mil 100 ta arewa, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Daga nan layin ya yi ta hawa da sauka bisa ma'aunin taswira har Cadi. A wannan rabo Birnin Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi duk a ɓangaren Ingila suke, Zinder ce a ɓangaren Faransa.

Sai matsalar ruwa ta taso. Faransa tana son hanya daga kogin Neja zuwa Zinder zuwa Cadi, amma hanyar da aka bar mata ta arewa ce, inda rijiyoyi suka yi nisa da juna, ayari ba ya iya bi a kowane lokaci. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine da ta fito a ƙarshen 1898 ta karkato kudu cikin garuruwa, tana ƙonawa tana kisa. Ita ce ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu 1899, ita ce kuma ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu. A shekarar ne Faransawa suka ci Zinder. Ingila kuwa ba ta ci Kano da Sakkwato ba sai a watannin Fabrairu da Maris na 1903, shekara 13 bayan ta riga ta rubuta su a cikin rabonta.

Zama na uku, a watan Afrilu 1904, na babban sulhu ne tsakanin Ingila da Faransa kan rigingimunsu a duniya baki ɗaya. Faransa ta saki wani tsohon haƙƙi da take da shi na masunta a gaɓar Newfoundland, can kusa da Kanada. Cikin abin da aka ba ta a madadi akwai tsibiran Los da ke gaban Konakiri, da kuma sauko da iyakar ƙasar Hausa kudu don ta samu hanya mai rijiyoyi. Ta haka Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi suka koma hannunta. Mutumin Maraɗi da ke kashe sefa yau, ɗan'uwansa na Jibiya yana kashe naira, kifin Newfoundland yana cikin dalilan da suka sa haka.

Zama na huɗu, a 1906, ya daidaita bayanin layin. Daga nan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi shi daga kogin Neja zuwa Cadi tsakanin 1906 da 1908, suka kafa alamomi 148, aka rattaba hannu a 1910. A gabas kogin Komadugu Yobe ne ya zama iyakar har zuwa tafki.

Kafin zuwan Turawa babu iyaka ne tsakanin mutane?

Akwai, kuma a nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ƙasar Hausa ba a ƙarƙashin sarki ɗaya take ba lokacin da Turawa suka zo. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na dauri da aka kora suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri, kuma kusan ƙarni guda suna gwabzawa da daular Sakkwato. Damagaram ta taso ne a inuwar Borno, daga baya ta yi ƙarfin da take kai wa ƙasar Kano hari. Tsakanin Katsina da Maraɗi akwai daji da aka bari saboda tsoron hari. Yarjejeniyar 1904 ma ta ce a lura da yadda ƙasashen suke a rabe, a bar wa Faransa mutanen Tasawa da Maraɗi da Zinder gwargwadon iko, kuma 'yan tawagar Tilho sun yi ta tambayar fadawa da dattawa tarihin sarautu da wa ke bin wa. Saboda haka a wasu wurare layin Bature ya hau kan tsohuwar tsaga ce.

Amma iyakar da ta yanzu ba iri ɗaya ba ce. Ta da ana gane ta ne ta wurin mutane: wane gari ke kai wa wa gaisuwa, wa ke karɓar kuɗin ƙasa, wa ke da ikon kare hanya. Tana faɗaɗa idan sarki ya yi ƙarfi, tana tsukewa idan ya yi rauni. Gari guda kan iya bin iyayengiji biyu don ya zauna lafiya. Falke ya biya kuɗin fito ya wuce, malami da almajiransa su wuce, Bafillace ya bi damina da shanunsa. Iyakar Bature layi ce da ba ta motsi, kuma tana cewa duk wanda ke wannan gefe ɗan wata ƙasa ne dabam da na wancan gefe.

An tambayi sarakunanmu kuwa?

An kawo musu takardu, wanda ba daidai yake da tambaya ba. Wakilan kamfanoni da hafsoshi sun yi ta tsere suna neman sa hannun sarakuna. A 1894 Lugga, wanda daga baya ya zama gwamna, ya yi tsere da Faransawa zuwa Nikki a ƙasar Borgu, kowane ɓangare ya dawo yana cewa takardarsa ce ta gaskiya. A 1898 aka raba Borgu biyu, Bussa ta Ingila, Nikki ta Faransa. Sau da yawa abin da sarki ya fahimta shi ne izinin ciniki da amana, abin da aka rubuta da Turanci kuma shi ne miƙa ƙasa. Takardun ba don mai sa hannun aka yi su ba, an yi su ne don a nuna wa wani Bature a teburin ciniki.

Wanda ya zauna aka yi ciniki da shi a matsayin tsara shi ne Sarki Menelik na Habasha, kuma sai da ya karya rundunar Italiya a Adwa a 1896 sannan Ingila da Faransa da Italiya suka zo suna ƙulla yarjejeniyar iyaka da shi. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira zuwa gabas, aka tare shi a Burmi a watan Yuli 1903, ya yi shahada a can. Waɗanda suka tsira cikin jama'arsa suka ci gaba har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu.

Hausawa kaɗai aka yi wa haka?

Ko kusa. Borno an raba ta uku bayan mutuwar Rabe a Kusseri a 1900: Ingila da Faransa da Jamus kowa ya ɗauki yanki, Dikwa ta faɗa hannun Jamus. Adamawa an bar fadar Lamiɗo a Yola a ɓangaren Ingila, Garwa da Marwa da Ngaundere da mafi yawan ƙasar a ɓangaren Jamus. Yarabawan Ketu suna Benin. Ewe suna Ghana da Togo, Masai suna Kenya da Tanzaniya. Somalawa sun fi kowa shan rabo, don wuri biyar aka kasa su: hannun Ingila, da Italiya, da Faransa a Jibuti, da Habasha, da arewacin Kenya.

A arewacin Ghana ta yau, yankin Salaga da fataken goro na Kano suka sani da sunan Gwanja, Ingila da Jamus sun ajiye shi a matsayin wurin da ba na kowa ba a 1888. A 1899 suka raba shi a cikin yarjejeniyar da asalinta kan tsibiran Samoa ne na tekun Fasifik. Layin ya ratsa masarautar Dagomba, ya bar Yendi, fadar sarkinsu, a hannun Jamus.

Iyakar Nijar da Mali fa, tun da duk Faransa ce ta mulke su?

Waɗannan ba yarjejeniya ce ta haife su ba. Iyakokin gudanarwa ne da gwamnoni ke sauyawa da takardar umarni. Burkina Faso, wadda a da ake kira Upper Volta, an ƙirƙire ta a 1919, aka rushe ta a 1932 aka raba wa Kwaddibuwa da Mali da Nijar, aka sake dawo da ita a 1947. Da yake ubangida ɗaya ne a gefe biyun, ba wanda ya damu da kafa alama. Bayan 'yanci sai waɗannan layuka suka zama iyakokin ƙasa da ƙasa, rigima ta biyo baya. Mali da Burkina sun yi faɗa kan yankin Agacher a 1974 da 1985. Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya kan tsibirin Lete, har kotun duniya ta ba Nijar shi a 2005.

An taɓa barin mutane su zaɓi ƙasar da suke so?

Sau kaɗan, kuma a yankunan da aka ƙwace daga Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, don daga baya sun shiga riƙon amana na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1956 mutanen Togo ta Ingila suka zaɓi shiga Ghana. A watan Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'a a Kamaru ta Ingila: arewa, wato su Mubi da Ganye da Gwoza da Dikwa da Mambila, suka zaɓi Najeriya, aka kira yankin lardin Sardauna. Kudu suka zaɓi Kamaru. Ba a ba su zaɓin zama ƙasa mai cin gashin kanta ba, kuma wannan yana cikin tushen rikicin yankin masu magana da Ingilishi da Kamaru ke fama da shi.

Me ya hana shugabanninmu su gyara bayan samun 'yanci?

An yi maganar. Taron al'ummomin Afirka da aka yi a Accra a watan Disamba 1958 ya yi tir da iyakokin ya nemi a soke su ko a gyara. Amma da mulki ya zo hannu sai lissafi ya sauya. A taron Alƙahira na watan Yuli 1964 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yanke shawarar kowace ƙasa ta mutunta iyakar da ta tarar ranar 'yancinta. Maroko da Somaliya ne ba su yarda ba.

Akwai son kujera a cikin shawarar, babu musu. Amma ina ganin akwai hikima ma. Idan aka ce a sake rabo, a koma wace shekara? Lokacin daular Sakkwato, ko kafin jihadi, ko zamanin Songhai? Gari kamar Kano ko Abidjan na wace ƙabila kaɗai ne? Somaliya ta gwada haɗa 'yan'uwanta da ƙarfin soja a yaƙin Ogaden na 1977 zuwa 1978, kuma an ga abin da ya biyo baya. Tun daga 1964 sabbin ƙasashen da duniya ta amince da ɓallewarsu biyu ne, Eritiriya a 1993 da Sudan ta Kudu a 2011.

Iyakokin ne silar yaƙe-yaƙen Afirka?

Suna da kasonsu, amma ba su kaɗai ba. Yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa kan layin iyaka bai yi yawa ba: akwai na Habasha da Eritiriya daga 1998 zuwa 2000, akwai na Cadi da Libiya kan zirin Aouzou wanda kotun duniya ta ba Cadi a 1994. Rikicin Bakassi a kotu ya ƙare. Hukuncin 10 ga Oktoba 2002 ya dogara ne da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, Najeriya ta kammala miƙa yankin ga Kamaru a watan Agusta 2008. Yawancin jinin da aka zubar a cikin gida aka zubar da shi, kan wa zai riƙe mulki da yadda za a raba arziki.

Ɓarnar da ba a jin ƙararta ita ce ta tattalin arziki. Ƙasashe 16 na Afirka ba su da gaɓar teku. Titunan jirgin ƙasa da aka gina daga cikin ƙasa suke zuwa tashar ruwa, ba daga maƙwabci zuwa maƙwabci ba.

In layin a takarda yake, me ya raba ɗan Maraɗi da ɗan Katsina a zahiri?

Abin da aka gina a kowane gefe bayan an ja layin. Ingila ta bar sarakuna da alƙalai da baitulmali, ta yi mulki ta bayansu, aka rubuta Hausa da boko ana karantar da ita. Faransa ta rage ƙarfin sarakuna, kumanda ne mai faɗa a ji, makaranta kuma da Faransanci zalla. Aikin tilas da ɗibar soja sun yi tsanani a ɓangaren Faransa har mutane da yawa suka tsallako kudu, kuma ba a soke aikin tilas ɗin ba sai a 1946. A 1926 aka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai, ƙasar Hausa ta can ta zama gefe. Kuɗi ya bambanta, haraji ya bambanta, takardar shaida ta bambanta.

Duk da haka zumunta a ƙafa take. Ana aure tsakanin Illela da Ƙonni, ana cin kasuwar Maigatari da ta Jibiya daga gefe biyun, almajirai suna zuwa karatu Kano da Zariya. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta jirgin ƙasan Kano ta riƙa fita a zamanin Turawa. Layin da kansa ya zama hanyar abinci ga wasu, don inda farashi ya bambanta fasa-ƙwauri ba ya rasa mai yi. Ranar da talaka ke jin nauyin iyakar ita ce ranar da aka rufe ta: daga 1984 zuwa 1986, lokacin da rufewar ta haɗu da fari, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. A kowane karo mai ɗan buhun gero da mai zuwa asibiti ko jana'iza su suka fi shan wuya, ba waɗanda aka yi niyyar hukuntawa ba.

Yanzu me ake yi a kai?

Hanya biyu ake bi tare. Ta farko a tabbatar da inda layin yake don a rage jayayya, kuma don haka Tarayyar Afirka ta kafa shirin kula da iyakoki a 2007. Ta biyu a rage nauyinsa a kan jama'a. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ba tare da biza ba, ko da yake wanda ya bi hanyar ya san yawan shingayen da ke tsakanin takarda da aiki. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a watan Janairu 2025 ta sa dole a sake shawarta wannan dama, kuma a ganina ita ce ya kamata gwamnatocin su fi karewa, kome saɓaninsu. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971 mai mazauni a Yamai, kuma ana aikin titin jirgin ƙasa daga Kano ta Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi.